Saurayi Cikin Waya: Masoya Sun Ba Da Barcinsu Da Kuɗinsu

A watan Janairu na 2018 mutanen birnin Shenzhen na ƙasar Sin suka ga saƙon murnar ranar haihuwa yana haskawa a jikin wani dogon bene mai suna KK100. Abin mamaki, wanda aka yi wa gaisuwar, wato Li Zeyan, ba ɗan Adam ba ne. Zane ne cikin wasan soyayya na wayar hannu mai suna Love and Producer, wanda kamfanin Papergames ya fitar a watan Disamba na 2017. Masoyansa ne suka biya kuɗin tallar.

Ga yadda irin wasan yake. Mai wasa za ta karanta labari, ta zaɓi amsar da za ta ba saurayin, shi kuma ya aiko mata da saƙo, ko ya kira ta da muryar da aka riga aka ɗauka. Shiga kyauta ne, amma wasu hotuna da hirarraki sai da kuɗi.

A wasan Mystic Messenger kuwa, wanda kamfanin Cheritz na Koriya ta Kudu ya fitar a 2016, hira tana buɗewa ne bisa agogo, har tsakar dare, tsawon kwana 11. Saboda haka masoya da yawa sukan saita agogo ya tashe su don kada hirar ta wuce su.

Masu suka na cewa ɓarnar dukiya ce, su kuwa masoya na cewa sun sami mai sauraronsu. To jama'a, kamfanonin dai sun gane kaɗaici kasuwa ne. Saurayin nan ba ya gajiya da daɗin baki, amma fa lissafin yana wuyan mai wayar.