Wuraren Wasan Ruwa: Ciniki Na Bin Hutu, Ba Zafi Ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara kan tsananta, iyaye sukan nemi inda ƙananan yara za su sanyaya jiki. Wannan bukata ce ta jawo 'yan kasuwa zuba jari a wuraren wasan ruwa, irin su Park Vega da ke Agbor a Jihar Delta, da Giwa Gardens a Legas.

Sai dai sana'ar tana da tarnaƙi. Dogon hutun makarantu yakan faɗo ne tsakanin Yuli da Satumba, wato tsakiyar damina. Don haka yawancin ciniki ya rataya ne a kan ƙarshen mako da bukukuwan Sallah, Ista da Kirsimeti, alhali injunan tace ruwa ba sa hutawa. Ƙarin kuɗin lantarki da aka yi wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024 ya daɗa nauyi.

Duk da haka, mai neman rage ɗawainiya kada ya taɓa albashin masu ceto ko maganin tsabtace ruwa. Magidancin da ɗansa ya nutse ko ya kwaso cuta, shi da maƙwabtansa sun yi sallama da wurin ke nan.