Katin da Ake Biyan Dala 795 Kafin a Riƙe Shi

A watan Agustan 2016 bankin Chase na Amurka ya fito da wani katin bashi mai suna Sapphire Reserve. Na ƙarfe ne, in an ajiye shi a kan tebur sai an ji ƙararsa. Kuɗin riƙe shi dala 450 ne duk shekara, amma jama'a suka yi masa ca, har ƙarfen buga shi ya ƙare, aka koma aika wa mutane na roba kafin a samo wani. Abin da ya ja su shi ne maki 100,000 da ake ba duk wanda ya kashe dala 4,000 cikin wata ukun farko. Shugaban bankin, Jamie Dimon, da bakinsa ya ce katin zai zaftare dala miliyan 200 zuwa 300 daga ribarsu ta ƙarshen wannan shekara. Bankin bai fasa ba. A 2020 kuɗin shekarar ya koma dala 550, a 2025 ya kai 795. Babban abokin gasarsa, Platinum na American Express, wanda ya fara da dala 250 a 1984, yanzu 895 ake biya.

Abin ya dame ni ne saboda mutanenmu mazauna Amurka. Da zarar mutum ya yi 'yan shekaru yana biyan bashinsa a kan lokaci, sai wasiƙun bankuna su fara sallama a akwatinsa. Na ji direban tasi a New York yana tambaya, na ji ma'aikaciyar jinya tana tambaya, kuma tambayar ɗaya ce: katin nan ya ci kuɗinsa kuwa? Amsata ita ce ya ci ga mutane ƙalilan, kuma wanda ke zuwa gida sau ɗaya a shekara ko shekara biyu da wuya ya kasance cikinsu.

Ga yadda abin yake. Duk dalar da ka kashe da katin za a rubuta maka maki, ɗaya a sayayyar yau da kullum, uku ko fiye a tikitin jirgi da otal. Makin kana iya mayar da shi kuɗi, ko ka tura shi ga kamfanin jirgi kamar United ko Air France a ba ka tikiti. Ban da wannan akwai shiga ɗakunan hutawa na filayen jirgi, inda ake ci a sha kyauta, akwai inshora in jirgi ya yi jinkiri ko jaka ta ɓata, sannan ba a cirar maka kashi 3 cikin ɗarin da wasu katuna ke cira in ka yi sayayya a wata ƙasa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da aka goga katin bashi a Amurka, mai kanti na rasa wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin, kuma mafi yawan wannan kuɗi bankin da ya ba da katin yake zuwa. Daga nan ake gutsuro maka makinka. Tamkar gyaran da mai hatsi ke zuba maka ne bayan ya riga ya lissafa shi cikin kuɗin mudu. Mai kantin kuwa ba ya haɗiye asarar, sai ya ɗora ta a kan farashin kaya, kowa ya biya, har da talakan da ya zo da tsabar kuɗi a hannu kuma ba zai taɓa ganin maki ko ɗaya ba. Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan kuɗi a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, shi ya sa ba ka ganin irin wannan rabon maki a Faransa ko Jamus.

Girman harkar ya wuce yadda ake zato. A 2023 kamfanin jirgin Delta ya karɓi wajen dala biliyan 6.8 daga American Express, galibi kuɗin makin da yake sayar wa bankin. A 2020, lokacin da korona ta tsayar da jirage, tsarin makinsa Delta ya jinginar ya ciyo bashin dala biliyan 9.

To, yanzu lissafi, wanda shi ne zuciyar maganar. A 2025 American Express ya ce amfanin Platinum ya haura dala 3,500 a shekara, Chase ya ce nasa ya haura 2,700. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai lissafin nasu ne. An tara shi ne daga rangwame ƙanana da aka yayyanka, kowanne da wurin da za a kashe shi da ranar da zai mutu. Dala 200 ta shiga motar Uber da ke cikin Platinum, alal misali, ba a dunƙule take zuwa ba: dala 15 ce kowane wata, 35 a Disamba, kuma in wata ya ƙare ba ka hau ba ta tafi. Akwai na cin abinci a zaɓaɓɓun gidajen abinci, akwai na kantin kayan motsa jiki, akwai na otal masu tsada. Mutumin da matarsa ke tuƙa tuwo a gida, yana da motarsa, kuma in ya sauka Kano a gidan yayansa zai kwana, me zai yi da waɗannan? Ƙa'idar da nake bi guda ce: kada ka lissafa rangwame sai na abin da dama za ka saya ko da babu katin. In rangwamen dala 100 ya sa ka ci abincin dala 160 da ba ka yi niyya ba, dala 60 ka rasa.

A wannan ma'auni, dala 300 ta tafiya da ke cikin Sapphire Reserve kuɗi ne na gaske, domin tikiti ɗaya ya cinye ta. Cire ta daga 795, saura 495 da sai ka nemo. Mu ɗauka kana kashe dala 2,000 a wata a cefane, mai da sauran hidimomi. Maki 24,000 ke nan a shekara, kuma in ka mayar da su kuɗi, senti ɗaya kowanne, dala 240 ce. Akwai katunan da ba a biyan ko sisi a shekara, irin su Citi Double Cash, masu mayar da kashi 2 cikin ɗari. Da irinsu dala 480 za ka samu a kan wannan sayayyar. Wato a hidimar gida katin banza ya ninka na ƙarfe.

Masu son katin za su ce ai ba a mayar da maki kuɗi, tikiti ake saya, kuma a nan yake yin daraja. Gaskiya ne, wanda ya ƙware yakan sami kujerar manya da makin da bai taka kara ya karya ba. Amma sai mai sararin zaɓen rana. Delta ya daina wallafa tsayayyen farashin tikitin maki a 2015, United ya bi sahu a 2019, yanzu farashin hawa da sauka yake gwargwadon cunkoso. Mu kuwa yaushe muke tafiya? Disamba, hutun yara, gab da Sallah, ko in an yi rasuwa a kama jirgin da aka samu. Lokutan da kowa ke neman kujera ke nan, lokacin da makinka ya fi arha. Kuma makin ba ajiyarka ba ne. Kamfanin na iya rage masa daraja ranar da ya ga dama.

Ɗakin hutawa yana da daɗi, musamman ga mai jiran jirgi awa shida da neman wurin alwala mai tsabta. Sai dai wasu ɗakunan an yi su ne don mai tafiya shi kaɗai. Tun Fabrairun 2023, mai Platinum da ya shiga ɗakin Centurion na American Express da baƙo sai ya biya dala 50 kan babba, 30 kan yaro, in ba yana kashe dala 75,000 a shekara da katin ba. Magidanci da mata da 'ya'ya uku ya lissafa da kansa.

Duk wannan lissafi na wanda ke biyan bashinsa kaf ne a ƙarshen kowane wata. Wanda ya bar saura, magana ta ƙare. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a 'yan shekarun nan. Bashin dala 3,000 da ya kwana shekara a kan kashi 22 zai haifi dala 660, ya shanye makin duka ya nemi ƙari. Ga Musulmi kuma akwai abin da ya fi asarar nauyi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta ce bai halatta a karɓi katin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wasu malaman ƙasashen Yamma sun sassauta saboda lalura, da sharaɗin kada ruwan ya taɓa hawa. Lalurar riƙe kati a ƙasar da hayar mota da kama otal ke wuya ba tare da shi ba, na fahimce ta. Lalurar kati na dala 795 ce ban gani ba.

Wa ya kamata ya riƙe shi? Wanda aikinsa ke sa shi hawa jirgi kusan kowane wata, musamman in ofis ke mayar masa da kuɗin tikiti da otal makin kuma ya zama nasa, wanda ba ya barin bashi ya kwana, kuma yana da haƙurin bin ranakun rangwame. Mai tafiya jefi-jefi da ke son inshora da tura maki, akwai Sapphire Preferred na dala 95, akwai Venture X na Capital One a dala 395.

Wanda ya riga ya karɓa don makin maraba, shekarar farko yawanci ba ya faɗuwa. Shekara ta biyu ce abin dubawa, domin kyautar ba ta dawowa, kuɗin shekara kuwa yana dawowa. Kafin a cire shi, ya ɗauko takardun bankinsa na wata goma sha biyu ya ga rangwamen da ya ci da gaske. In bai kai ba, ya kira bankin ya nemi a sauya masa zuwa ƙaramin kati maimakon rufe asusun, domin rufewa na iya taɓa tarihin bashinsa, kuma makin da bai kashe ba na iya salwanta.