Maganin sanƙo na haɗiya: Ƙara yawan ƙwaya ba ya ƙara gashi

A Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi, akan yi wa mai sanƙo ba'a cewa arziki ne ke tafe. Sai dai saurayin da goshinsa ya fara ja da baya tun bai yi aure ba, ba ya ganin abin dariya a ciki. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya yi saƙon magani daga Yamai, mai nisan kimanin kilomita 180, ko ya roƙi ɗan'uwansa da ke ci-rani a Abijan ko Legas ya aiko masa. Matsalar ita ce ƙwayar kan iso ba tare da bayanin likita ba.

Sanƙon maza gado ne, ba hula ko rawani ke kawo shi ba. Jiki yana juya sinadarin maza na testosteron zuwa wani sinadari mai suna DHT, wanda ke tsuke saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai har gashin ya sirance ya daina fitowa. Maganin finasteride yana rage wannan sinadari.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da finasteride mai miligiram 5 a 1992 domin masu kumburin prostat, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji. Sai a 1997 ta amince da mai miligiram 1, sau ɗaya a rana, domin sanƙo. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa miligiram 5 bai fi miligiram 1 fito da gashi ba. Don haka wanda ya haɗiyi babbar ƙwayar da nufin gaggauta aiki, bai ƙara wa kansa komai ba sai yawan magani a jiki.

Akan ɗauki aƙalla wata uku, wani lokaci shida, kafin a ga canji. Idan aka daina sha kuma, gashin da aka samu yakan zube cikin shekara guda. Maganin ya fi tsare gashin da ya rage. Da wuya ya dawo da wurin da ya daɗe da zama sumul.

Yana da illoli. Wasu maza ƙalilan kan fuskanci raguwar sha'awa ko raunin mazakuta. A watan Mayun 2025, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa tunanin kashe kai na cikin illolinsa, ta kuma ce wanda ya ji damuwa ta rufe shi ya dakatar da shan mai miligiram 1, ya ga likita.

Akwai haɗarin da ya shafi iyali. Wasu kan gutsuttsura mai miligiram 5 gida huɗu saboda arha. Bai kamata mace mai ciki ta taɓa ƙwayar da aka fasa ba, domin maganin na iya lalata halittar al'aurar ɗan tayi namiji.

Ƙwaya ta biyu da ake yayi ita ce minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini mai tsanani ne. Likitoci kan ba da ɗan kaɗan, bai wuce miligiram 5 ba, don gashi, amma yana iya kawo kumburin ƙafa, saurin bugun zuciya da fitowar gashi a fuska da jiki.

Ga kuma jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Kafin ɗan ci-rani ya sa ƙwaya a jaka, ya kamata mai buƙatar ya fara zuwa asibitin gundumar Filinge ko wurin likitan fata a Yamai, a auna jininsa, a kuma tantance ko sanƙon gado ne ko makero, wanda maganinsa daban ne.