"Ba a samu bayananka ba": Me ya sa kwamfuta ke ƙin gane mutum a Yauri, Ngaski da Shanga?

Daga Yelwa zuwa Wara har Shanga, masu shagunan rajista sun saba da wannan saƙo a allon kwamfuta. Ga masunci a gaɓar tafkin Kainji, yana iya jawo toshe layin wayarsa, kamar yadda aka hana layukan da ba a haɗa da NIN ba yin kira a Afrilun 2022. Ga ɗalibi kuwa, yana iya hana shi rajistar JAMB, wadda ta wajabta NIN tun 2021.

Rumbun bayanai kamar kabad ne cike da kundaye. Kowane jadawali na da sunansa: wannan na sunaye, wancan na ranakun haihuwa, kuma lamba ce ke haɗa su. Idan manhaja ta nemi jadawalin da aka goge, ko aka sauya masa suna, ko aka yi kuskuren harafi ɗaya wajen kiransa, tambayar za ta dawo hannu wofi. Wannan gyaran na injiniyoyi ne, kuma matsalar kan shafi kowa a layi lokaci guda.

Amma idan mutum ɗaya kaɗai aka ƙi, galibi bayanansa ne suka saɓa: Muhammadu a NIN, Mohammed a BVN, ko ranar haihuwa daban.

Don haka kafin a biya kuɗin jirgin ruwa ko mota zuwa Birnin Kebbi, a fara tambaya: ni kaɗai ne, ko kowa? Sannan a jera takardu, a duba harafi bayan harafi.