Kuskuren Jiya, Ƙa'idar Yau

Yau gidan Turanci muka leƙa, harshen da malamai suka sha jan kunnenmu a kansa, sai muka tarar ashe gidan cike yake da kurakuran da suka kwana suka tashi a matsayin doka.

Rigar nan da masu girki ke ɗaurawa a gaba, "apron", asalin sunanta "napron" ne. Turawa suka yi ta faɗin "a napron" da sauri har kunne ya ji "an apron", harafin n ya tsallaka gidan maƙwabci bai dawo ba. Aro ya zama kyauta.

Laƙabi kuwa, "nickname", riba ya ci. Da can "ekename" ne, wato ƙarin suna, sai n na "an" ya liƙe masa. Kada dai dariyarmu ta yi yawa, don l ɗin da ke farkon "littafi" ma daga "al" na Larabci muka yago shi.

Koren waken nan da suke kira "pea", sunansa na farko "pease" ne, ko ƙwaya ɗaya ce. Mutane suka ji sautin s a ƙarshe, suka zaci jam'i ne, suka datse shi. An yi wa kalma kaciya babu wanzami.

Tsuntsu a tsohon Turanci "brid" ne, baki ya juya haruffan ya zama "bird", kamar yadda wasunmu ke cewa bagaruwa, wasu gabaruwa. Shi ma "aks" da ake yi wa mutane dariya a kansa ya haura shekara 1000 yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da "ask". Ɗan gida ne, sarauta ce kawai bai samu ba.

Wata ɓarnar kuma masu ilimi ne suka tafka. Su suka cusa s a cikin "island", tsibiri, bisa zaton danginsa ɗaya da "isle", suka kuma ƙara b a "debt" don ta yi kama da kakarta ta Latin. Har yau ba a furta ko ɗaya. Bashi dai ko a rubuce sai ya zo da ƙari.

Wani mai haɗa ƙamus a Amurka ya fitar da babban aikinsa a 1828, ya rubuta "color" da "center" inda Ingila ke rubuta "colour" da "centre", Amurkawa suka bi shi. Da ya so a mayar da "tongue" ta koma "tung" kuwa, sai suka yi kunnen uwar shegu. Mai ƙamus ya kawo kaya, kasuwa ta zaɓa.

"OK" da ta zagaye duniya, da wasa ta fara. A 1839 wata jarida a birnin Boston ta gajarta "oll korrect", wato "all correct" da aka karkata rubutunsa da gangan don raha. Kalmar "daidai" ke nan, kuma ba daidai aka rubuta ta ba.

Shekaru 700 da suka wuce, in Bature ya ce maka "nice", wawa ya kira ka, domin tushenta na Latin yana nufin wanda bai san komai ba. A hankali ta wanke jiki ta zama yabo. In an yabe ka da ita, a duba kalanda tukuna.

"You" da jam'i ce, irin "ku" namu, kuma da ita ake girmama manya, yayin da "thou" take ta mutum ɗaya. Kowa ya so a girmama shi, har "thou" ta rasa masu saye. Yanzu mutanen kudancin Amurka sun koma cewa "y'all" don a san da taro suke. Aka rushe katanga, aka dawo ana neman zana.

Mu ma an dama da mu. A 2020 babban ƙamus ɗin Turanci na Ingila ya karɓi "okada", da "Kannywood", da "next tomorrow", wato jibi, wadda jan biron malamai ya daɗe yana farauta. Turanci ba shi da majalisar da ke yanke wa kalmomi hukunci, mai ƙamus magatakarda ne kawai, abin da bakin jama'a ya daɗe yana faɗa shi yake rubutawa. Amma ɗalibai a yi hattara: mai duba jarrabawa ba ya jiran jibi.