Amana Tsakanin Shugaba da Ma'aikaci: Darasi Daga Asusun Fansho na Jihar Jigawa

Kamar yadda aka sani, babu wata ma'aikata da za ta zauna da gindinta matuƙar ma'aikatanta ba su yarda da maganar shugabanninsu ba. Mu a nan Jigawa ba sai mun je nesa neman misali ba, domin tsarin fanshonmu na karo-karo ya ishe mu.

A shekarar 2001, zamanin mulkin Gwamna Alhaji Ibrahim Saminu Turaki, wato shekara goma bayan an ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Kano, aka kafa Asusun Fansho na Ma'aikatan Jiha da Ƙananan Hukumomi, wanda hedikwatarsa take a Dutse. Gwamnatin Tarayya ba ta fito da nata tsarin ba sai a 2004. An tsara cewa ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa kowane wata, gwamnati kuma ta zuba kashi 17.

Abin da aka nema daga ma'aikaci ba ƙarami ba ne. An ce da malamin firamare a Kiyawa, ko ma'aikacin asibiti a Birnin Kudu, ya haƙura da wani ɓangare na albashinsa yau, bisa alkawarin da ba za a cika ba sai bayan ya yi shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60 da haihuwa. A ƙasar da aka saba ganin tsofaffin ma'aikata suna zaryar ofisoshi kan haƙƙinsu, wanda ya yi ɗari-ɗari bai yi laifi ba.

A ganinmu, abu biyu ne suka kawar da wannan shakku. Na farko, alkawarin a fayyace yake: kowa ya san abin da ake yanka masa, ya san abin da ya wajaba a kan gwamnati, zai kuma iya lissafawa da kansa. Na biyu, shugabannin da suka biyo baya, Alhaji Sule Lamido daga 2007, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar daga 2015, da Malam Umar Namadi daga 2023, ba su rushe tsarin ba duk da sauyin jam'iyya. Hakan ya sa wasu jihohi suka riƙa turo wakilansu Dutse domin ganin yadda abin yake gudana.

Sai dai asusu irin wannan yana da rauninsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kuɗin wuri ɗaya ake tara su, don haka idan masu ritaya suka yi yawa alhali ba a ɗaukar sababbin ma'aikata, abin da ke fita sai ya rinjayi abin da ke shiga. Haka nan idan aka yi jinkirin zuba kason gwamnati. A irin wannan hali, shirun hukuma ya fi jinkirin kansa illa, domin jita-jita ce take cike gurbin bayani.

Saboda haka muke kira ga daraktoci da shugabannin ma'aikata na ƙananan hukumomi 27 da su riƙa tara waɗanda ke ƙarƙashinsu suna yi musu bayani da Hausa, ba su tsaya ga liƙa takardar Turanci a allon sanarwa ba. Wanda ritayarsa ta gabato kuwa, a sanar da shi tun da wuri ya duba fayil ɗinsa, ya tabbatar ranar haihuwarsa da ranar kama aikinsa sun yi daidai a dukkan takardunsa kafin a tura su ofishin fansho.