YADDA MASANA KE ZAƁEN IRIN ENZAYIM

Kowane manomi ya san zaɓen iri. In kaka ta yi, sai ya ware zangarniyar da ta fi kyau, ya ajiye ta domin baɗi. Wannan dabara ce masana suka kai ɗakin bincike, sai dai abin da su ke zaɓe ido ba ya ganinsa.

Sunansa enzayim. Wani irin furotin ne da ke jikin kowane mai rai, aikinsa kuwa hanzarta juyar da wani abu ya zama wani, kamar narkar da abinci a ciki. An haɗa shi da ƙananan guntaye iri 20, a jere kamar 'ya'yan carbi, sau da yawa ɗari biyu ko uku. Tsarin jerin yana rubuce cikin ƙwayar gado, watau DNA. Da fari masana sun so su gyara enzayim da lissafi, suka sha wuya, gama da ƙyar a kan san abin da zai faru in an sāke guntu ɗaya.

Cikin 1993 wata malama, Frances Arnold ta jami'ar Caltech a Amurka, ta nuna wata hanya. Ta ɗauki enzayim mai suna subtilisin, wanda a ke samu daga ƙwayar nan Bacillus subtilis, irin wadda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Nufinta ya yi aiki cikin DMF, wani ruwan masana'antu da ke kashe masa ƙarfi. Sai ta sa a yi ta kwafar ƙwayar gadonsa da kurakurai da gangan, kamar malamin da ya kwafi takarda sau dubu, kowane kwafi da tasa ɓatar baƙi. Aka sa kwafe-kwafen cikin ƙwayoyin, aka shuka su a faranti mai furotin na madara da DMF. Inda enzayim ya yi aiki, sai wurin ya washe kewaye da ƙwayoyin. Galibin kurakuran ɓarna ce kawai. Amma kaɗan sun ƙara ƙarfi, su aka tsince, aka sāke yi musu haka. Daga bisani aka sami wanda ya fi na asali aiki sau 256 cikin ruwan da kashi 60 cikin 100 nasa DMF ne. Guntaye 10 suka sāke a jikinsa, ba kuwa mai lissafin da zai tsara su tun farko.

Ya kamata hakimai da malamansu su lura, in talakawa sun tambaya: enzayim ba shi da rai, kayan aiki ne. Wuyar kuma tana wajen gwaji, domin abin da aka gwada shi kaɗai a ke samu. In an nemi hanzari aka manta jimirin zafi, lalle ana iya samun mai hanzari wanda zafi ke lalatawa.

Amfanin ya kai asibiti. Cikin 2010 kamfanonin Merck da Codexis suka gyara wani enzayim, suka sāke guntaye 27, domin haɗa sitagliptin, maganin ciwon sukari. Dā sai da ƙarfen nan mai tsada, rodiyam, a ke wannan aiki.

Cikin 2018 aka ba Arnold rabin lambar Nobel ta ilmin haɗa sinadarai. Ɗaya rabin George Smith na Amurka da Gregory Winter na Ingila suka raba, waɗanda hanyarsu ta zaɓen furotin ta haifar da adalimumab, maganin kumburin gaɓoɓi, wanda aka yarda da shi cikin 2002.